Layin Alli Huɗu

Shafi na 17

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, na gani. Masu zagin Yaya kuma, ku ɗan dakata.

*

Garin ƙarfe ne ya fara tsaya masa a rai.

Tun da safe Yaya ya aike shi can ƙarshen gari ya karɓo wani famfon mai da ba wanda ke gaggawarsa. Ƙarami ya tafi yana ƙunƙuni, don yau ce ranar da zai ɗaura wa motar Likita sababbin wili. Aikinsa ne. Shi ya yi awon, shi ya rubuta lambobin, shi ya zaɓi faɗin tayar. Wata guda cur yana jiran kayan su iso.

Ƙarfe uku da rabi ya dawo, ya tarar an gama.

Motar na tsaye a tsakiyar gareji, an wanke ta tana ɗaukar ido. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, gajera har cikinta na neman shafar ƙasa. Sababbin tayoyin sun cika ramukansu taf, ta buɗe ƙafa kamar mai jiran a tsokane ta. Ta yi kyau. Wannan ma ya ƙara ɓata masa rai.

A gefen kowace taya akwai gajeren layin alli, fari.

Dokar Abbansu ce, kuma ba ta mutu tare da shi ba. Sai an ɗaure notika da doguwar sifana an ji sun yi ƙam, sannan a ja layin. Duk wanda zai kwance noti, ya fara goge layin da tafin hannunsa. Baba Maigadi kuwa ba ya miƙa wa mai mota mukullinsa sai ya zagaya ya ƙirga layi huɗu. Tsohon bai iya karatu ba, amma shekara ashirin ba a taɓa jin tayar da aka ɗaura a garejin nan ta fita a hanya ba.

Ƙarami bai tsaya kan layukan ba. Ƙasa yake kallo. A bayan tayar gaba ta hagu, inda ruwan wanki bai kai ba, wani gari na ƙyalli a kan siminti. Ya durƙusa, ya dangwala da yatsa, ya murza.

Ƙarfe ne. Sabon guga.

"Baba."

Tsohon na kan bencinsa a bakin ƙofa yana fama da eriyar rediyo.

"Na'am, Injiniya."

"Wa ya ɗaura tayoyin nan?"

"Yayanka."

"Shi da wa?"

"Shi da zufarsa. Ya ce ko ƙuda kada ya matso."

"Ya kunna injin guga?"

Baba Maigadi ya sosa gemu.

"Kunnena dai ya tsufa. Amma 'yan haƙoran da suka rage min sun ji wani abu."

Ƙarami bai yi dariya ba. Ɗaurin wili ba ya neman guga. In ka ji injin guga a wurin sa taya, to wani abu ne ya ƙi shiga aka yi masa dole.

Ya ɗauko doguwar sifana, ya sassauta notika biyar, ya tura jak ya ɗaga motar. Ya zare wilin ya mirgina shi gefe. Farin layin ya wuce ta gaban idonsa sau biyu yana juyawa. Hankalinsa ba ya wurin.

Ya leƙa ramin.

Akwai wani ɗan ƙarfe, bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ke riƙe tiyon birki a mazauninsa. Babu shi. An yanke, an goge wurin har yana walƙiya. Shi kuwa tiyon an ja shi baya an ɗaure a jikin shokazoba da yankin robar tsohuwar taya. Ƙulli uku, irin ƙullin Yaya, wanda ko cikin barci aka nuna masa zai gane.

Tiyon birki. Wanda in ya fashe, ka taka ka ji ƙafarka ta wuce kamar ka taka ruwa.

Ya daɗe a tsugune yana kallo.

Sai ya zaro alli daga aljihu, ya shafe bakin tayar ta ciki har ya yi fat. Ya mayar da wilin, ya murza notikan da yatsa, don dai su riƙe, ya sauke jak. Ya shiga motar, ya murza sitiyari har ƙarshe, ya dawo da shi, ya sake murzawa. Ya fito ya kwanta a ƙasa, ya haska da fitilar waya.

Baƙin tiyon ya yi farin goshi.

Ya miƙe tsaye. Bai ko kakkaɓe rigarsa ba.

*

Ofishin wani ɗan ɗaki ne a can ƙuryar gareji, bayan injin iska. Injin na ta ruri yana cika tankinsa. Yaya na zaune ya ɗora ƙafa kan tebur, kofin shayi a cikinsa, idonsa a lumshe.

Ƙarami ya shiga ya banko ƙofar. Sifanar na hannunsa.

"Ka dawo? Ina famfon?"

"Me ka yanke a motar Likita?"

"Yau ba gaisuwa?"

"Yaya, me ka yanke?"

Yaya ya sauke ƙafa ɗaya. Ya bar ɗayar.

"Wani ɗan ƙarfe ne. Ba wani aikin da yake yi."

"Wanda ya ƙera motar mahaukaci ne da ya sa shi?"

"Na ɗaure tiyon. Ya ma fi da ƙwari."

"Da roba."

"Roba mai kyau."

"Roba! Sai ka ce kayan da aka ɗora wa keke!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Na shafa alli, na sauke ta, na murza sitiyari. Tiyon ya yi fari. Yana goga, Yaya. Yana goga yanzu da take tsaye ba kowa a ciki. In ta hau babban titi fa? In ta faɗa rami tana cikin kwana?"

"A ƙarshen sitiyari kawai yake taɓawa. Wa ke tafiya da sitiyari a ƙarshe?"

"Duk mai fita daga ƙofar gidansa."

"Zan ce mata ta riƙa bi a hankali."

Ƙarami ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Likita za ka ce wa ta bi a hankali? Matar da ta ce mana in ta fito daga ɗakin tiyata ba abin da ke wanke mata kai sai ta taka motar nan ta ji ta amsa? Ita?"

Yaya ya hau juya kofin a hannunsa.

"Shi ya sa ka aike ni," in ji Ƙarami. "Famfon mai! Awa shida ina gantali a rana, kai kana nan kana yanka. Tun da Abba ya rasu haka kake. Aikin ido. Aikin 'ya isa haka'. Guduma da roba da Allah ya kiyaye. Sunan Abba ne a allon can na waje, ba naka ba. In ba ka jin kunyata, ka ji kunyarsa."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Aikina ne. Ni ta ba. Na auna komai, na rubuta komai, abin da ya rage kawai a ɗaura. Ɗaurawa kawai, Yaya! Shi ma sai da ka san yadda ka ɓata."

Yaya ya ajiye kofin a hankali, kamar mai tsoron ya fashe. Ya sauke ɗaya ƙafar. Ya jawo aljihun tebur, ya zaro wata takarda da mai ya ɓata wa gefe, ya shimfiɗa, ya juya ta ta fuskanci ƙanensa.

"Rubutun wa ne?"

"Nawa."

"Karanta min na ƙasan."

"Na san abin da na rubuta."

"Karanta dai. Kai ne mai boko."

Ƙarami ya ja tsaki.

"Tazarar ciki, tsakanin taya da tiyo. Milimita ashirin da biyu."

"Sabon wilin nawa yake ci ta ciki?"

"Goma sha biyar."

"To ka ga ya shiga har da rara. A takarda." Yaya ya ɗora yatsa kan lambar. "Da safe kafin in cire tsofaffin na auna. Shida na samu."

"Tef ɗinka ya mutu tun bara."

"Da naka na auna. Yana nan inda ka rataye shi."

"Ƙarya ne."

Kalmar ta fita kafin ya kama ta. Bai taɓa faɗa wa Yaya ita ba. Yaya ya ɗago ya dube shi, duba ɗaya. Wayarsa ya ɗauka, ya yi 'yan danne-danne, ya miƙo.

Hoto ne. Ƙarami ya san shi, don shi ya sa Baba Maigadi ya ɗauka, shi ya yi ta tura wa abokai. Ga shi nan a tsugune da tef a hannu, kai a cikin ramin taya. Ga Likita a tsaye a bayansa da farar rigarta ta aiki, tana murmushi.

"Na gani. Sai me?"

Yaya ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton. Ya ja shi ƙasa, ya wuce tef, ya wuce gwiwar Ƙarami, ya tsaya a kusurwa.

Jak ne. Jan jak ɗinsu, ya ɗaga hannu sama. Tsakanin taya da siminti kuwa haske na wucewa.

"A sama ka auna ta," in ji Yaya. Muryarsa ba ta da zafi, shi ya sa ta fi ciwo. "Ƙafarta na reto."

Injin iska na ta ruri a bayan bango.

Ƙarami ya ƙura wa hoton ido. Abu na farko da Abba ya koya musu ke nan, tun kafin hannunsu ya iya riƙe sifana. Mota a ƙasa ake auna ta, da nauyinta a kanta. In ka ɗaga ta komai ya saki, ta nuna maka filin da ba ta da shi.

Ranar ta dawo masa tiryan-tiryan. An ɗaga motar ana canza birki. Likita ta shigo da hoton wasu wili a waya, tana tambaya ko za su shiga. Yaya ya ce sai an sauke an duba. Shi kuwa, a gabanta, ya buɗe baki ya ce, "Ai Yaya da ido yake awo, ni da tef." Ta yi dariya har tana dafa mota. Ta ce, "To Injiniya, kai na ba." Nan take ya zaro tef. Bai jira an sauke komai ba. Dariyar nan ce a kunnensa.

"Fita na yi na bar muku wurin," in ji Yaya. "Da na haɗiye na tsaya, da na gani. Wannan laifin nawa ne."

"Me ya sa ba ka faɗa min da safe ba?"

"In ce me?"

"Ka ce na yi kuskure!"

"Sai kuma me? Wilin da ya sha noti mai shago ba ya karɓar abinsa. Ita kuma tun jiya take kira."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Yaya ya shafa fuska da hannu biyu. Sai yanzu Ƙarami ya lura da yatsansa na tsakiya, an naɗe shi da tsumma, jini ya ɓullo.

"Ka manta wata ukun nan?" in ji Yaya. "Ni ban manta ba. Jarabawa ta kayar da kai karo na biyu, ka shiga ɗaki ka kulle. Mama na ajiye abinci a bakin ƙofa tana dawowa ta ɗauke shi yadda yake. Ba wanda ya iya fito da kai. Tef ɗin nan ne ya fito da kai. Aka fara cewa Injiniya, Injiniya, ka fara ɗaga kai kana kallon mutane. Kana gaya min magana a gaban baƙi, ina ji, ina haɗiyewa, ina cewa gara wannan da ƙofar can. To yau in zo in ce maka tef ɗin ma ya kayar da kai?"

"Sai ka yanke mata birki."

"Ban yanke birki ba."

"Ka zaɓi fuskata a kan ranta."

"Ƙanena na zaɓa."

"Wa ya sa ka?"

"Ba a sa mutum wannan."

Ƙarami ya juya ya fuskanci bango. Kalandar kamfanin taya ce a wurin, ta shekarar da Abba ya rasu, ba wanda ya iya cire ta. Ya ji kamar ya kai wa bangon naushi. Ya zo da faɗa cike da baki, ya tarar ba wanda zai yi wa sai kansa. Ko haushin Yaya ma an ƙwace masa, an bar shi da rabi.

"Na riga na yi odar farantan ƙarfe," in ji Yaya a bayansa. "Irin da ake sawa a bayan wili su turo shi waje. Mako guda za su iso. In kira ta in ce ta kawo a duba iska, in sa su, in mayar da ƙarfen da na cire. Ba wanda zai sani. Kai ma da ba ka sani ba."

"Mako guda tana yawo da roba."

"Robar za ta kai."

"Ka auna?"

Yaya ya kawar da kai.

"Yaushe ka ce ta zo?"

"Biyar."

Ƙarami ya kalli agogon bango. Huɗu da minti goma. Ya zaro wayarsa.

"Me za ka yi?"

"Zan faɗa mata."

"Ka faɗa mata me?"

"Cewa ni na auna, na auna ba daidai ba. Ta bar motar nan mako guda, ko mu mayar mata da tsofaffin wilinta."

Yaya ya miƙe.

"Ƙarami, tsaya. Rabin masu irin motocin nan da ke zuwa wurinmu, ita ta turo su. Wurinka ta turo su, ba wurina ba. In ta buɗe baki a cikinsu, ka gama. Ka ce ni ne. Ka ce ni na ɓata wajen ɗaurawa. Ni ba wanda zai yi mamaki."

"A'a."

"Za su daina ce maka Injiniya."

"Su daina."

"In ka koma ɗakin nan, wallahi ni ba ni da wani tef ɗin da zan..."

"Ba zan koma ba."

Ya faɗa ne ba tare da ya san ko gaskiya ce ba. Har sau biyu yana danna sunan da ba shi ba. Ya samu nata. Ya kara a kunne. Yana shirya kalmomin a ransa. Likita, ni ne. Likita, kuskure na yi.

Wayar ta fara ƙara.

Daidai nan injin iska ya cika tankinsa, ya yi tsaki ya mutu.

Shirun da ya biyo baya bai kai daƙiƙa biyu ba. Daga can gaban gareji wata murya ta tashi, mai kauri, mai gurnani, wadda duk garejin nan ba mai irinta sai mota ɗaya.

Suka dubi juna.

"Injiniya!" Muryar Likita ta cika masa kunne, gurnanin na tare da ita. "Kai, ka yi aiki! Wallahi na kusa kasa gane ta!"

"Likita, ki tsa..."

"Kada ku fito, sauri nake, an kira ni asibiti, shi ya sa na zo da wuri. Baba ya ba ni mukulli. Ga su nan ma suna sake kira. Sai na neme ka!"

"Likita!"

Ta katse.

Bai san yadda aka yi ƙofar ta buɗe ba. Ya tsallake tiyon iska, ya yi karo da tarin tsofaffin tayoyi, ya tashi. Yaya na bayansa, takalmi ɗaya ya fita.

Tsakiyar gareji wayam. Sai jiƙaƙƙen siminti da sawun tayoyi masu faɗi, sun lanƙwasa sun yi hagu a bakin ƙofa, lanƙwasar ƙarshen sitiyari.

Ya sake kira. Tana kan wata wayar.

Baba Maigadi na tsaye riƙe da murfin ƙofa, yana washe 'yan haƙoransa.

"Kun ga yadda ta fita? Kamar an harba ta!"

"Baba, wa ya ce ka ba ta mukulli?" in ji Yaya yana haki.

"Wa zai ce? Na zagaya na ƙirga. Huɗu cif."

"Ba ka ga ya cire taya ba?"

"Na gani mana. Na ga ya ɗaga, na ga ya sauke. Na duba, layi na nan bai goge ba." Tsohon ya dubi wannan, ya dubi wancan, murmushin ya fara zamewa. "Na ce ai Injiniya ba ya kuskure."

Yaya ya juyo a hankali.

Ba fuskar ƙanensa ya kalla ba. Hannunsa ya kalla, inda doguwar sifanar take, tun ɗazu, a damƙe.

"Ƙarami."

Ƙarami ya kalli sifanar.

"Ƙarami, notikan."

Da ƙyar maganar ta fito.

"Da yatsa na murza su."

Can nesa, wajen hawan babban titi, suka ji ta sa giya ta uku.